Ranar da Na Sa Kowa a Sahun Gaba

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu tun daga farko, kada ya sha wahalar neman wawan labarin nan: ni ne. Ba ɗiyar ƙanena ba ce, ba matata ba ce, ba kuma akwatin da ke manne a bangon ofishina ba ne, ko da yake na daɗe ina ɗora masa laifin a majalisa saboda ba shi da bakin kare kansa. Ni ne, da gemuna, da bokon da na bari a tsakiyar firamare, wanda na yi shekaru ina tsorata mutanen Bagudo da shi.

Shekarar da aka rufe boda ce. Wanda bai zauna a garinmu a lokacin ba ba zai gane yadda gari ke rasa zaune da tsaye ba. Motocin Tsamiya, garin bakin boda, sun jeru a tasha, direbobi na kwance a inuwarsu suna faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni kaina na kasa zama wuri ɗaya. Ina da jerin shaguna kusa da tasha, gidana na bayansu, to sai in fito daga gida in zaga shagunan, in leƙa tasha, in dawo gida, in tarar ba abin da ya canja, in sake fita. Matata takan ce na mayar da ƙofar gida kamar bakin rijiya.

Ita ma ɗin ba a zaune take ba, sai dai nata yawon a cikin tsakar gida take yinsa. Autarmu na aure a Kandi, can cikin Benin, wajen wani mai sayar da kayan babur, kuma cikin fari ne da ita. A al'adarmu gida za ta dawo ta haihu, uwarta ta dafa mata ruwan wanka, ta dama mata kunun kanwa, ta koya mata riƙon jariri. Itacen dahuwar ruwan ma an riga an tara shi a bayan ɗaki. Sai ga boda a rufe. Akwai hanyar daji da 'yan babur ke bi, amma ba ta mai tsohon ciki ba ce, ba kuma ta matar da gwiwoyinta ke ƙara in za ta tashi daga sallaya ba ce. Yarinya ta haihu a can, namiji, a hannun dangin miji. Itacen na nan a bayan ɗaki, matata ta hana a taɓa ko sanda ɗaya.

Abin da ya rage mata shi ne kiran ganin fuska. Surukanmu mutanen kirki ne, suka yi alkawarin ranar suna za a riƙe waya a zaure lokacin raɗa suna, ta ji da kunnenta, sannan a shiga da wayar cikin gida ta ga an yi wa yaron aski. Tun da aka faɗa mata haka ba ta ƙara wata magana ba sai ta safiyar nan.

To a nan ne akwatin ya shigo. Sabis ɗin waya a unguwarmu mai kunya ne: ya leƙo, in ya ga mutane ya koma. Shi ya sa ni da masu hayar shagunana muka haɗa hannu aka kafa eriya a kan dogon ƙarfe, kebul ya sauko zuwa wani akwati mai ramuka a jere a ofishina, daga kowane rami kebul ya tafi shago ɗaya, guda kuma ya haura katanga ya shiga gidana. Masu hayar nan ba su da yawa. Akwai Alhaji dillalin shinkafa, wanda ya girme ni kuma ba ya bari in manta. Akwai malamin Islamiyya mai shagon littattafai, yana zuba wa mutane karatu da tafsiri a waya. Akwai mai kemis, Ibo ne, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Sai mai gidan kallo, ɗan ƙanwar matata, mai saukar da finafinai tun safe har yamma. Ni ma ina da rami ɗaya, na wata tsohuwar kwamfuta da na saya hannu na biyu, wadda ke nishi in an kunna ta kamar jakin da aka yi wa lodi. Kokawa nake kallo a cikinta, ba wani abu ba.

Matsalar ita ce hanyar ɗaya ce, kuma siririya. Da mai gidan kallo ya fara jan fim, sai fuskar ɗiyarmu ta daskare a wayar uwarta, baki a buɗe, muryarta na zuwa gutsure-gutsure. Matata ta yi ta girgiza wayar, ta hura mata iska, ta ce da ni, “Malam, kai da ka yi boko, yi wani abu mana.” Ni kuwa sai in je in tsaya gaban akwatin in harari fitilunsa.

Ana cikin haka ɗiyar ƙanena marigayi ta zo hutu daga Legas. Ni nake kiranta Injiniya, da tsokana na fara, har ya zama gaskiya. Na daɗe ina tambayarta abin da take yi a can, ranar nan dai na tsare ta a ofis. Ta ce wurin aikinta gida ne babba marar taga, sanyi a ciki kamar firji, cike da injina a jere masu tsayin kabad, saƙonnin bankuna da asibitoci da na masu hira duk ta nan suke bi. Na ce to ita me take yi, shara? Ta yi dariya, ta nuna akwatin bangona ta ce ƙanin nasu ne, suwic ake ce masa, kuma aikinta shi ne ta faɗa wa irinsu wanda zai fara wucewa in hanya ta cika.

Na gyara zama. Na ce, “Ashe aikin ɗan kamasho kike yi, aka sa miki sanyi.”

Ta ce, “Kusan haka ne, Baffa.”

Ta yi mini bayani a hankali, irin wanda ake yi wa tsoho ba tare da an nuna masa ana yi masa a hankali ba. Kowane saƙo, in ji ta, ba ya tafiya a dunƙule, yayyanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, su bi kebul ɗaya bayan ɗaya, a can a sake haɗa su. In gutsuren fim ya makara ba komai, mai kallo ba zai sani ba. Amma in gutsuren murya ya makara ya zama banza, don maganar ta riga ta wuce. Saboda haka ake yi musu sahu. Ta buɗe kwamfutarta a kan teburina, ta jona ta da akwatin, ta yi 'yan danne-danne. Murya da fuska ta sa su a sahun gaba. Takardu da ƙananan saƙonni a tsakiya. Manyan kaya, irin waɗanda ake saukewa a ajiye, a baya.

Da la'asar matata ta kira Kandi. Na rantse har ɗigon gumi a goshin ɗiyarmu ana gani. Aka ɗago jaririn, ja wur, yana yamutsa fuska kamar an ce masa ni ne kakansa. Matata ta ƙura masa ido, daga baya ta shiga faɗa a kan yadda aka naɗe shi a zane. A daidai lokacin nan mai gidan kallo na jan finafinansa, ba abin da ya motsa. Da na bar abin a haka, da ba ni da labarin rubutawa.

Amma ni mutum ne da ba ya iya ganin abu na tafiya daidai bai saka hannu ba. Washegari na zauna a bencin gaban shaguna na ba da lacca. Na yi bayanin gutsattsari, na yi bayanin sahu, na bar mutane suka ɗauka ni na tsara, Injiniya ta danna kawai. Malamin Islamiyya na gefe yana jan carbi. Da na kai kan sahun baya sai carbin ya tsaya.

Ya ce, “Tafsirin da nike saukewa, wane sahu shike?”

Na ce ai manyan kaya duk a baya suke.

Ya ce, “Tare da mi?”

Mai gidan kallo ya amsa mini daga bakin shagonsa, yana washe baki: “Tare da ni, Malam. Kafaɗa da kafaɗa.”

Malam ya yi salati. Ya ce shi ba don kansa yake magana ba, amma a garin Musulmi, a jihar da ake shari'a, a ce an jera karatun malamai da raye-raye a layi ɗaya, kuma hirar mata a waya ta wuce gabansu duka, to wannan abu ne da mai gida zai amsa tambaya a kansa, ba nan ba. Kafin in ba shi amsa Alhaji dillali ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce shi kuma an ce takardunsa na tsakiya, yana so ya san tun yaushe aka fara ajiye shi a tsakiya a garin nan, shi da ya yi wa ubana rakiya zuwa kasuwar Kamba ina cikin zane. Mai kemis na tsaye a ƙofar kemis ɗinsa. Ya dai dube ni, irin kallon mutumin da yake ba matarka maganin gwiwa ko da tsakar dare ka buga masa ƙofa.

Na wuni ina shiga ina fita. Na je tasha na dawo. Na zauna, na tashi. Da yamma na kira Injiniya ofis, na sa hular da nake sawa in zan yi hukunci.

Na ce, “Akwatin nan ya san girman mutane?”

Ta ce bai sani ba, irin kaya kawai ya sani. Amma ana iya ce masa duk abin da ya bi ta rami kaza a ba shi gaba.

Na ce to a ɗaga ramin Malam. Ta ce in an ɗaga rami ɗaya hanyar za ta iya ɗauka. Na ce a ɗaga na Alhaji, don ba zai yiwu Malam ya wuce wanda ya haife shi a shekaru ba. Na ce a ɗaga na mai kemis, don baƙo ne, kuma ba za a ce a gidana aka ajiye Kirista a baya don Kirista ne ba. Saura mai gidan kallo. Na yi niyyar barinsa, sai na tuna uwarsa, ƙanwar matata, da irin bakinta a gidan biki. Na ce shi ma a ɗaga. Nawa ramin kuwa ba sai an faɗa ba, mai gida ba ya zama a bayan masu haya.

Ta ce, “Baffa, in kowa na sahun gaba, ai babu sahu ke nan.”

Na ce, “A'a, akwai sahu. Babu dai wanda aka wulaƙanta.”

Ta ce to in hanya ta cika, wa akwatin zai zubar wa? Da can na sahun baya yake zubarwa.

Na ce, “Zubarwa? Wace zubarwa?”

A nan ne ta faɗa mini abin da ba ta faɗa ba ranar farko, wataƙila don ta san ni. Wai in gutsattsarin suka yi yawa, akwatin ba shi da wurin ajiye su, sai ya watsar da wasu. Wanda ya aiko zai ga ba su isa ba, ya rage gudu, ya sake aikowa. Haka ake yi a duk duniya, in ji ta, ba wanda ke sani.

Na miƙe tsaye. Na ce Allah ya sani. Na ce mutum ya ba ka saƙo ka kai, ka ga kaya sun yi maka yawa, ka waiga ba kowa, ka watsar a kwata, wannan a garinmu sunansa cin amana. Na ce ni na yi yaron mota a hanyar Kaoje, an sha ba ni saƙon daddawa da na kuɗi da na magana, ko ƙulli ɗaya ban taɓa yarwa ba. Na ce ba za a yi wannan a bangon ofishina ba, ina kallon gabas ina salla akwati na bayana yana zubar da amanar mutane. Na ji daɗin jawabin nan ƙwarai. Na so a ce akwai ƙarin mutane a ɗakin.

Ta bari na gama. Ta ce akwai wata hanya, ana ce wa akwatin kada ya zubar, in wani rami ya cika sai ya aika wa mai turowa cewa dakata, har a samu wuri.

Na ce, “Yauwa! Wannan shi ne tarbiyya. Me ya sa ba a fara da shi ba?”

Ta ce su ma suna amfani da shi a wurin aikinsu, amma ga irin kaya guda kawai, kuma sai an auna an sake aunawa. Don a nan mai turowa ɗaya ne, kebul ɗin da ya sauko daga eriya. In an ce masa dakata saboda mutum ɗaya mai jinkirin karɓa, to kowa ya dakata, tunda yanzu duk layi guda suke.

Na ce a gidana babu mai jinkiri.

Wani zai ce me ya sa ba ta ƙi ba. Wanda zai faɗi haka bai san gidajenmu ba. Ni na riƙe ta bayan rasuwar ubanta, ni na kai ta makaranta a kan kekena. A Legas tana iya ce wa manyan mutane a'a, na ji ana faɗa. A gabana ta faɗi gaskiyarta sau ɗaya, ta maimaita sau ɗaya cikin ladabi, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, “Gidanka ne, Baffa.” Ta danna abin da na ce. Da safe ta tafi Kaoje gaida dangin uwarta, ta ce za ta dawo ranar suna.

Na fita na sanar da kowa matsayinsa. Malam ya sa mini albarka. Alhaji ya ce dama ya san ubana bai haifi banza ba. Kwanakin da suka biyo baya kiran Kandi ya koma ɗan tsinkewa, ba kamar da ba, amma ba kamar ranar gumin goshi ba. Matata ta tambaye ni, na ce hadari ne. Babu ko gajimare a sama, amma ta ƙyale ni, hankalinta na kan waina.

Ranar suna tun da asuba gidan ya cika. Matata ta ce tunda ba za ta je suna ba, suna zai zo mata. Ta gayyaci matan unguwa, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kifa turmi aka jingina wayar a kansa da ƙwaryar fura. Ta sa sabuwar atamfar da ta ɗinka tun cikin na wata kaɗan, ta zauna gaban turmin kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Injiniya ta bugo ta ce motar Kaoje ba ta cika ba tukuna, amma tana nan tafe.

Ni kuwa da na dawo masallaci sai na yi tunanin maza. Abokaina za su zo cin waina, bayan waina sai me? Na shiga ofis, na kunna tsohuwar kwamfutata, na sa ta ta sauko da wata doguwar kokawa da aka ce an yi a Nijar, tun daga kiɗan farko har kayen ƙarshe. Ta fara nishinta. Na kashe allon don kada batirin sola ya sha wahala, na rufa mata tsohon zanen da nake rufa mata, na ja ƙofa. Daga nan na manta da ita kamar yadda mutum ke manta hular da ke kansa.

Rana ta ɗan ɗago aka kira daga Kandi. Ga zaure, ga mutane a zaune, ga farantin goro, ga surukinmu yana gyara wayar yana cewa, “Inna, kina ganinmu?” Matata ta ce, “Ina gani, ina…” Sai hoton ya tsaya. Hannun surukin ya daskare a sama, rabin fuskar liman ta koma murabba'i-murabba'i. Murya ta zo guda, kamar an taka kaza, ta ɗauke.

“Malam!”

Na fito da gudu, na ɗauki wayar, na ɗaga ta sama, na kai ta kusa da katanga. Aka sake kira, ya shiga, muka ji “Fatiha” rabi, ya tsaya. Na kashe sabis ɗin gida na gwada na waya, mai kunyar nan ya ga taron mata ya ƙi fitowa. Na fita waje da wayar, matata na bina tana ɗingishi, mata na binta. Na hau bayan wata mota da ke fake a bakin tasha, ni da shekaruna, babbar riga na kama ƙarfe, direban na tambaya ko lafiya. Ba komai sai zobe na juyawa a allo. Na sauko. Na koma gida. Na sake fitowa.

Na samu na kira Injiniya da ƙaramar wayata, muryarta na zuwa tare da ƙarar mota. Ta ce in je gaban akwatin in faɗa mata yadda fitilun ke yi. Na ce suna ƙiftawa tare, su tsaya tare, kamar masu jin tsoron wani. Ta ce to wani ne ke ta cewa dakata. Ta ce in zare kebul ɗaya bayan ɗaya, in bar na gida, in an zare mai laifin hanya za ta buɗe nan take.

Na fara da mai gidan kallo, da murna ma. Ba canji. Na zare na mai kemis, ina ba shi haƙuri a zuciya. Na zare na Alhaji, na waiga ko yana ganina. Na kai hannu kan na Malam, na yi istigfari, na zare. Daga tsakar gida matata na ƙwala kira, “Har yanzu! Malam, har yanzu!”

Injiniya ta ce, “Baffa, saura wane?”

Na ce babu, duk masu haya na zare.

Ta ce, “Ka tabbata babu wani abu a jone?”

Na dubi akwatin. Ga kebul ɗin eriya, ga na gida, ga wani mai launin toka da ya bi bango ya shige ƙarƙashin tebur. Idona ya gan shi sarai. Amma a kaina masu haya aka ce a bincika, kuma ni ba mai haya ba ne. Wa ke zuwa neman ɓarawo ya fara da aljihunsa? Na ce mata na tabbata. Kiran ya yanke, motarsu ta shiga inda ba sabis.

Abin da na yi tsakanin nan da isowarta ba shi da daɗin faɗa. Na mayar da kebul ɗin kowa, na sake zarewa. Na goge akwatin da hannun riga. Na aika a girgiza ƙarfen eriya. Na je tasha duba motar Kaoje, na dawo, na koma. A tsakar gida wainar ta huce, matan sun fara hirar wasu abubuwa da ƙaramar murya, irin hirar gidan da ba a san ko a tafi ko a zauna ba. Matata ba ta tashi daga gaban turmin ba. Ta daina kirana ma, wannan ya fi tayar mini da hankali.

Da hantsi Injiniya ta sauka daga babur, ko jakarta ba ta ajiye ba ta shiga ofis. Ta dubi akwatin, ta bi kebul mai launin tokan nan da ido, ta durƙusa, ta ɗaga zanen. Tsohuwar na nan tana nishi, da zafi kamar tukunya. Ta kunna allon. Kokawata ko rabi ba ta kai ba. Ashe ita ce ba ta iya haɗiye abin da ake turo mata, raminta ya cika, akwatin ya yi ta aika wa eriya dakata, dakata, gida da shaguna duk suka tsaya a bayanta cikin ladabi. Injiniya ba ta dube ni ba. Yarinyar nan tana da tarbiyya, na faɗa. Ta sa yatsu biyu ta zare kebul ɗin.

Kafin mu kai tsakar gida mun ji muryar ɗiyarmu tar, kamar tana bayan ɗaki. An raɗa suna tun ɗazu. Sun jira, in ji ta, har liman ya fara duban ƙofa, ba yadda za a yi a tsare dattawa. An yanka rago, an feɗe. Ta ɗago yaron, kai a aske tas, yana barci. Ta faɗa wa uwarta sunan, a bakinta, ita kaɗai, ba guɗa, ba addu'ar taro. Sunana ne aka sa masa. Matan suka yi ƙoƙari suka rangaɗa guɗa daga nan, amma kowa ya san guɗar da ta makara.

Matata ta yi magana da ɗiyarta a nitse, ta tambayi ruwan wanka, ta tambayi kunu, ta sa albarka. Da aka kashe wayar ta tashi da ƙyar, ta fara naɗe tabarma. Ya kamata in yi shiru. Injiniya ma ta yi mini alama da ido. Amma shirun tsakar gidan ya yi mini nauyi, kuma ga mata na kallo, sai na gyara murya. Na ce to alhamdu lillahi, komai ya yi kyau, yaro ya samu suna mai albarka. Na ce kuma duk abin da ya faru, a shaida, ko gutsure ɗaya na saƙon wani ba a zubar a gidan nan ba, kuma babu mutum ɗaya da zai ce an ajiye shi a baya.

Ta jingina tabarmar da bango. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, “Awo, Malam, na shaida. Kowa ka sa sahun gaba, har 'yan kokawa. Ni da na haifi mai jegon ni kaɗai ka bari waje ina gadin takalma.”